Maraɗi zuwa Tawa: Shaibu a Sama, Ni a Ƙasa

Magana biyu ake yi a garin nan a kan yadda na rabu da aikin purje, wato hukumar nan ta turawa mai haƙa rijiyoyi, kuma tun da kuka yi wayo kuna jin su. Gwaggonku Hadiza tana cewa son mahaifina ne ya sa na bar aikin, har takan share ƙwalla idan tana faɗa. 'Yan tasha kuwa cewa suke kama ni aka yi ina sayar da man gazuwal na mota. Ta biyun ƙarya ce tsagwaronta, wanda ya ƙirƙiro ta ma ya riga mu gidan gaskiya, na bar shi da Allah. Ta farkon kuma ta fi ni kyau, ban cancance ta ba. Abin da ya raba ni da aikin nan kishi ne, kishin Baba Shaibu, wannan dai da kuke rububin gaisarwa idan ya zo daga Yamai da tsarabarsa. Na ga gara ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Shaibu taubashina ne. Uwarsa ƙanwar Baba ce, ta rasu yana ɗan tatsitsi, ubansa kuma ya shiga Najeriya neman arziki bai sake waiwayowa ba, sai aka kawo shi gidanmu a nan Dakoro. Tabarma ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci, rana ɗaya aka kai mu lakkol. Ni kaina bai ɗauki karatu ba, na gudu tasha na zama yaron mota, shi kuwa ya yi ta ci gaba. Kun san yadda taubasantaka take a wurinmu. Duk abin da taubashi ya faɗa maka, kome ɗacinsa, dariya za ka yi. Idan ka yi fushi, kai ne za ka zama abin dariyar gari. Shaibu kuwa Allah ya ba shi baki, ni bai ba ni ba. Sai ya yaɓa mini magana a cikin mutane, ni kuma amsar ba ta zo mini sai na kwanta.

Kakanku, wanda ba ku sani ba sai a tsufansa, Madugu ake ce masa, kuma ba sunan banza ba ne. A ƙuruciyarsa da raƙuma yake kai hatsi arewa ya sauko da gishiri da kanwa, ya ci kasuwannin ƙasar Adar da ƙafarsa har Tawa. Ma'auninsa na mutum guda ɗaya ne. Idan ya ce wane ya san hanya, to ya gama yabonsa. Idan ya ce wane bai taɓa nisa da gindin rumbu ba, ya gama da shi ke nan. Ni tun ina yaro ba abin da nake so irin ranar da zai dube ni ya ce na san hanya. Ranar da na sami parmi, takardar izinin tuƙi, na kawo masa da rawar jiki, ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini.

"To madalla," in ji shi. "Amma mota ce ta san hanya, Lawali. Kai zamne kake bisa kujera."

Na yi dariya kamar yadda kowa ya yi, na ce a raina wata rana zai shiga gaban motata mu yi doguwar tafiya, ya gani da idonsa. Shekaru suka yi ta wucewa, hakan bai samu ba.

Ni na fara samun aiki a purjen rijiyoyin nan na Maraɗi, wannan ku riƙe shi da kyau. Ni na je na sami Madam, baturiyar da ke shugabancin purjen, na ce mata ina da ɗan'uwa mai Faransanci da Buzanci da Fillanci yana zaman banza. Aka ɗauke shi tafinta. Kafin a ce me, ya zama na hannun damanta, ya sami buro, ofis nasa na kansa, har da fanka. Ban ji komai ba, Allah ne shaidata, har sai da aka buɗe reshe a Tawa, manya suka fara zuwa can a jirgi.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane ni ba. Tsakanin filin jirgin Maraɗi da na Tawa, ta sama ba wata tafiya ba ce, ba ta cika awa ɗaya ba. Ta ƙasa kuwa gudron, hanyar kwalta, ba ya miƙewa Tawa kai tsaye, sai ya yi yamma tukuna kamar wanda ya manta inda za shi. Ka wuce Tibiri da Gidan Rumji, ka shiga Madawa, ka bi ta Galmi warin albasa ya cika maka mota, ka wuce Malbaza, sai a Tsarnawa hanya za ta tuna da Tawa ta juya arewa. A wancan lokacin da ramuka suka cinye ta, wuni guda ne cur. Filayen jirgin kuwa duka biyun ba wasu filaye ba ne. Ɗaki ne guda da tuta, da jandarmomi a inuwa, da wani mai korar awaki daga titin jirgi. Ba tasi a bakin ƙofa, reshen Tawa kuma ba shi da mota. Saboda haka duk ranar da manya za su tashi, ni tun jiya na tashi. In ɗauki farar motar purje babu kowa a ciki, in kai ta Tawa, in kwana, da safe in wanke ta tas in je bakin wayar shingen filin jirgi in tsaya ina duban sama. Doka ce kuma mai ƙarfi, wanda ba ma'aikacin purje ba ba ya shiga motar, ko da uwar direba ce. Tsofaffi da kaya a ka su yi ta ɗaga mini hannu a bakin hanya, in kau da kai in wuce da kujeruna a wofi.

Sai ɗan jirgin ya ɓullo, ya sauka, a buɗe ƙofa. Shaibu ya fito bayan Madam da rigarsa a goge, ko ƙura ba ta taɓa takalminsa ba, ni kuwa bayana kamar an yi mini sussuka a kai. Ya miƙo mini jakarsa.

"Kai direba, tun yaushe kake nan? Mu yanzu muka aje kofin shayi a Maraɗi, na tabbata bai ma huce ba."

In yi dariya, in buɗe masa ƙofa. Su gama taronsu, in mayar da su fili, su tashi, ni kuma in bi su a baya ta Tsarnawa. Kafin in iso Maraɗi sun yi wanka sun ci abinci sun manta da Tawa.

Duk wannan da na haɗiye shi, don aiki ne kuma albashi yana da kyau. Abin da ya tsaya mini a wuya zuwanmu gida da Sallah ne. Mu zauna a zaure, Baba, mutumin da bai taɓa yi mini tambaya ɗaya a kan hanya ba, ya jawo Shaibu kusa da shi.

"Kai Shaibu, wai da gaske daga bisa ana ganin Adar duka kamar tahin hannu?"

"Kawu, har awakin mutane kana ƙirgawa in ka so."

"Ikon Allah! Tahiyar da muke yi raƙuma na kuka."

Wata Sallar na kasa haƙuri na sa baki. Na ce, "Baba, shekaranjiya na biyo ta Madawa, ruwa ya cinye gada, sai da na ratsa ta cikin gonaki."

"Allah shi kyauta," in ji shi. "Shaibu, ci gaba. Kuma kunne ba ya ciwo?"

Na tashi na ce zan duba tunkiyar layya. Na je bayan gida na tsaya ina kallon tunkiya, ita ma tana kallona. Namiji da gemunsa da 'ya'yansa, amma idona ya cika da ƙwalla. Kishi ne, ba wani suna gare shi ba.

A shekarar da nake son ba ku labari, yanar ido ta rufe wa Baba ido biyu. Ya kai sai an riƙe masa sanda zuwa masallaci. Bayan an gama kaka aka ji cewa wasu likitocin ido sun sauka Tawa suna yi wa mutane aiki. Ina cikin tunanin yadda zan nemi hutu in kai shi a motar haya, sai Shaibu ya shigo gareji yana murmushi ya ce an gama magana. Jirgin da purje ke haya yana da kujera guda a wofi, ya roƙi Madam, ta yarda. Ni shekara da shekaru ina jan kujeru a wofi ban taɓa samun bakin roƙa ba, shi kuwa tsakanin kofin kafe ɗaya ya samu. Hadiza ta kawo Baba Maraɗi ya sauka a gidana. Ranar da zan tashi na same shi da safe a tsakar gida yana shan kunu. Ku duba mini wannan abu: ubana za shi Tawa, ni ma za ni Tawa, ga mota a ƙofar gida babu kowa a ciki, amma na durƙusa na yi masa sallama na tafi ni kaɗai.

"Ka tahi, mu iske ka can," in ji shi. Sai ya yi dariya. "Ko dai kai za ka iske mu?"

Maganar Shaibu ce a bakin Baba, na gane ta. Tun daga Tibiri har Tsarnawa ban kunna rediyo ba.

Washegari ina bakin waya jirgin ya sauka. Shaibu ya riƙo hannunsa yana gaya masa inda zai sa ƙafa, Baba yana saukowa fuskarsa tana annuri kamar angon fari. Madam ta ɗaga ƙafa ta bari a kai shi asibiti a motar, tunda Shaibu ne ya tambaya. Suka zauna a baya su biyu, Baba yana ta cewa cikinsa ne ya fara tashi kafin jirgin. Wannan ne karo na farko da mahaifina ya shiga motar da nake tuƙawa, kuma bai ma lura ba. Aka yi masa aiki a idon dama. Ranar da za a kwance bandejin ina can ina jiran Madam a ƙofar wani taro, saboda haka fuskar farko da ya gani ta Shaibu ce. An ce ya daɗe yana shafa kansa yana cewa ashe yaron nan ya yi furfura. Da na iso da la'asar ya dube ni sama da ƙasa.

"Lawali, ka yi baƙi," in ji shi.

Madam da sauran suka koma Maraɗi, aka bar Shaibu da Baba a gidan wani abokinsa har likita ya sake duba idon, sannan jirgin zai dawo ya ɗauke su. Ni aka ce in koma da mota. Na ce tana son gyara, kuma ba ƙarya ba ce duka, na dai ja gyaran har likita ya sallame su. Da yammacin da za su kwana su tashi, na je yi musu sallama, sai na iske Shaibu yana gaya wa Baba cewa ya kama masa kujerar taga. Wancan karon ji kawai ya yi, wannan karon zai gani da idonsa. Na ga sabon idon nan, wanda bai ga komai ba tukuna sai bangon asibiti, za a kai shi sama a zuba masa duniyar Shaibu, ya koma Dakoro da ita har ya mutu. Na zauna a bakin tabarma.

"Baba, yaushe rabonka da Keita?"

Ya ce tun kafin a yi mini kaciya.

"Buza fa? Da rijiyoyin nan da kake ba mu labari? In ka shiga motata gobe, ba ta gudron za mu bi ba. Ta hanyarka za mu bi, ta cikin duwatsu, har ƙofar gida."

Shaibu ya dube ni, kuma a karo na farko a rayuwarmu ban ga wasa a fuskarsa ba.

"Lawali, ka san dokar motar nan. Likita kuma ya ce ban da ƙura, ban da jijjiga. Ka bari in kai shi Maraɗi lahiya lau."

"Ubana ne," na ce masa.

Ku da kuka tashi da iyayenku ba lalle ku ji nauyin wannan kalma ba. Ba a faɗa wa marayan da aka yi renonsa a gida ita, ko da wasa, ko a bakin taubashi. Shaibu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne." Baba ya daɗe yana juya carbinsa, sannan ya ce sama ya ji ta, ƙasa yake son gani. Wallahi a ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauta.

Muka tashi da sassafe. Na sa shi a gaba, na ɗaura masa baƙin tabarau da rawani a kai, na rufe gilasai na kunna sanyi, na yi ta tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka bar gari muka fara hawan duwatsun Adar, Baba ya manna fuskarsa a gilas. Yana ganin tudu sai ya kira sunansa, yana ganin kwari sai ya ce a nan suka taɓa kwana uku ruwa ya tsare su. Daɗi ya cika ni har ban san inda zan sa kaina ba.

"Baba, a jirgi da ka ga wannan?" na tambaye shi.

"A'a," in ji shi.

A Keita muka tsaya ya sha fura a bakin kasuwa. Ya nuna mini inda masu gishiri ke sauka a da, ya fara ba ni labarin wani Buzu da suka yi cinikin raƙumi da shi har rana ta faɗi ba wanda ya faɗi kuɗi. Na ce masa na tabbata Shaibu ko sunan kasuwar nan bai sani ba, shi da ke wucewa ta samanta kowane wata. Baba ya ce mai yiwuwa, ya miƙo mini ƙwaryar. Muka ci gaba. Duk garin da muka shiga sai na ce to ga wani da ba a gani daga taga. Duk ramin da na kauce wa sai na ce mai jirgi bai san wannan aikin ba. Bayan mun wuce Buza, inda jar hanya ta ƙare muka shiga rairayi, ya dafa hannuna ya ce in tsaya. Wata tsohuwar rijiya ce a gindin gawo, ta rufta, ba kowa a wurin. Ya sauka, na riƙe masa lema. Ya zagaya ya tsaya a kan wasu duwatsu da aka jera, ya ce a nan suka binne Amadu, abokin tafiyarsa, ciwon ciki ya kama shi suna kan hanyar komawa gida. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, na shafa tare da shi. Ya juyo kamar zai gaya mini wani abu.

"Ka gani ko, Baba?" na ce. "Jirgi zai tsaya maka haka?"

Ya dube ni ta cikin baƙin tabarau, ya ce mu tafi kada rana ta yi. Daga nan har muka ɓullo ta Ajekoriya bai ƙara nuna mini komai ba, na ɗauka gajiya ce. Muka shiga Dakoro kafin magariba, yara suna bin farar mota da gudu, unguwa ta fito ganin Madugu yana tafiya ba ɗan jagora. Idon bai sami komai ba, alhamdu lillahi. Na kwana ina ganin na ci nasara.

Farar mota mai tambarin purje ba ta kwana a ƙofar gida a Dakoro labari bai je Maraɗi ba. Kafin in isa labarin ya riga ni. Na iske Shaibu a bakin gareji yana jirana, ya ja ni gefe.

"Madam ta ji. Na ce mata ni na sa ka, na ce likita ne ya hana Kawu shiga jirgi saboda idon. Za ta yi mani hwaɗa ta ƙyale. Kai dai ka yi shiru."

Na san da zuciya ɗaya ya yi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ga sauran rayuwata a gabana: ina tsaye a bakin waya ina buɗe masa ƙofa, ina sane da cewa tuwon da 'ya'yana ke ci shi ya roƙar mini. Har tafiyar nan guda ɗaya da na yi da ubana za ta zama shi ya ba da umurninta. Na wuce shi na shiga buron Madam ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Na ce mata da ɗan Faransancina na tasha cewa Shaibu ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, ba wanda ya sa ni, ni na ɗauki ubana kuma ni na zaɓi hanya. Ta ce in ta ƙyale ni, gobe kowane direba zai cika mota da danginsa. Na ce gaskiyarta. Na ajiye mata makulli a kan tebur.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, don a kanku ya sauka. Muka saki gidan Maraɗi muka dawo Dakoro ɗaki biyu. Ke Zainabu, an cire ki daga makarantar da kike ta farko a aji, kuma na san har yau idan ana maganar karatu kina yin shiru. Innarku ta daɗe ba ta ce mini komai ba ban da "ga abinci." Na koma jan tsohuwar motar wani Alhaji ranakun kasuwa, yau Sabon Maci, gobe Azagor, raguna a baya mutane a kan raguna. Duk da haka ban yi nadama ba a lokacin. Na ce a raina na saya da tsada, amma na samu. Yanzu Baba ya ga hanyata, sauran kawai ya faɗa.

Sai na zauna jira. Mutane suna ta zuwa yi masa barka da ido, daga unguwa, daga ƙauye, har tsofaffin abokan fataucinsa. Kowa ya zauna sai Baba ya gyara zama ya fara. Yadda aka ɗaure shi da ɗamara a kujera, yadda cikinsa ya tashi, yadda gulbi ke zama kamar zare, yadda garken shanu ke zama kamar an watsa gero, yadda gajimare ke wucewa ta ƙarƙashin mutum. Ɗansa Shaibu ya kai shi sama. Idan wani ya ce to dawowa fa, sai ya ce, "A mota muka komo," ya koma kan gajimare. Haka na yi ta ji har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata ranar na dawo daga Azagor jikina duk warin tumaki, na iske shi yana ba wani mai gyaran takalmi labarin nan. Na jira mutumin ya tafi. Na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya.

"Baba, a jirgin nan makaho kake, ba abin da ka gani. Ni na kai ka Keita da Buza da ido buɗe, na rasa aikina a kai, 'ya'yana suna nan zamne. Ko sau ɗaya ban ji ka ba wani labarin ba."

Bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Gaskiya ne, ban ga komi ba," in ji shi. "Shaibu ne ya sa bakinshi a kunnena tun daga Maraɗi har Tawa. Kawu ga gulbi, Kawu ga shanu, Kawu ga gajimare. Shi bai ko duba don kanshi ba, ni yake dubawa. Abin da ya ba ni shi nike ba mutane."

"Ni fa?"

"Kai na zaɓi motarka don in yi wuni guda da ɗana. Akwai abin da na so in hwaɗa maka bakin rijiyar Amadu, wanda ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Amma duk inda na buɗe baki sai in iske Shaibu zamne tsakaninmu. Ni ka sa a kujera, Lawali, amma shi ka ɗauko tun daga Tawa har ƙohwar gida. To mi zan ba mutane labari?"

Na ce to ya faɗa mini yanzu, ga ni. Ya ce maganar ta wurin ce, ba ta zaure ba, in Allah ya sake kai mu zai faɗa. Na ce bayan damina zan nemi mota mu koma, ya ce Allah ya kai mu. Daminar ta yi kyau a shekarar, aka yi gero har rumbu ya kasa ɗauka. Ana cikin yankan kan gero zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba.

Na bi ta wurin rijiyar sau da yawa bayan haka, da fasinja da raguna. Ban taɓa tsayawa ba.